Ruwan da Hafsat Ta Miƙa

Duk mai bi ta gadar Wudil ya san mahaukacin nan na bakin kogi, mai tsagaggen leɓe, wanda in ka miƙa masa ruwa sai ya cusa hannuwansa a hammata ya fashe da kuka. Garzali sunansa. Na san shi tun yana da hankalinsa, kuma wallahi ba haka Allah Ya yi shi ba.

Ɗan yashi ne. Yakan yi nutso da bokiti, ya ciko, ya juye a kwalekwale, har a cika tifa. Yana da matarsa Sharifa da 'yarsu tilo, Hafsat, mai shekara tara, wadda ba ta yarda kowa ya riga ta kai wa babanta ruwa in ya dawo.

Wata rana bokitinsa ya fito da dutse garai-garai kamar ƙanƙara, mai gefe shida. Wani dillalin duwatsu daga Kano, Alhaji Abdulbaƙi, ya saye shi da tsada. Ya ce masu tara irinsu a ƙasashen waje sun yarda ragowar wani birni ne da ruwa ya haɗiye tun zamanin da.

"Samo min wasu, ka huta da wannan wahalar," in ji shi.

Wata biyu Garzali yana nutso, ko ɓarɓashi bai ƙara gani ba. Sai aka yi masa kwatancen Boka Sabo, can bayan Lajawa.

Bukkar bokan a busasshiyar fadama take, amma daɓenta jiƙaƙƙen yashi ne. A tsakiya akwai baƙar tukunya da aka ɗaure wa jan ƙyalle a wuya, gashin kaza manne a jikinta da busasshen jini. Ba mai taɓa ta, amma ruwan ciki motsi yake.

"Birnin yana nan ƙarƙashin inda kake nutso," in ji bokan. "Bangon gidajensu kake son ɓalla. Za su bar ka, amma su ma suna son baƙi."

"Me zan bayar?"

"Duk ranar da ka fito da dutse, hannun da ya fara ba ka ruwan sha, mai hannun nasu ne."

"In na ɗiba da kaina fa?"

"To, hannunka ne."

"In na ƙi sha?"

Bokan ya yi dariya. "Ƙishirwar da za ka fito da ita ba irin wadda ka sani ba ce."

Hafsat ta faɗo masa a rai. Sai kuma ya tuna masu sayar da ruwan leda a kan gada, waɗanda ko sunansu bai sani ba. Ya ce ya yarda. Bokan ya shafa masa ruwan tukunyar a idanu.

Duwatsu suka yi ta fitowa, farare da shunayya da masu ruwan zuma. Ya gina gida, ya sayi tifa biyu, ya je Makka. A tsakanin nan aka tsinci Hansai, tsohuwar da ke sayar da ruwa a bakin gada, kwance a kan busasshiyar ƙasa, ruwa da yashi na fita ta hancinta. Bayanta wani magidanci ya bi, sai wata mai goyo. Alhaji Garzali har gaisuwar mutuwa yake zuwa, mara kunya!

A gida kuwa ya daina karɓar moɗar Hafsat, ko ranar da bai shiga ruwa ba, don tsoro.

"Baba, ko laifi na yi?"

"Na sha a hanya, uwata."

Sai ta koma da ruwanta, ido ya ciko.

Ana cikin azumi Alhaji Abdulbaƙi ya bugo waya, wai ana neman babban dutse kafin Sallah. Me Garzali ya rasa a lokacin? Ba komai. Amma ya shiga ruwa bayan azahar, ya fito da dutse kamar kan jariri, maƙogwaronsa kamar an zuba garwashi. Kan gada ba mai tallan ruwa da rana tsaka, kuma yaya za a ga Alhajin da ke raba kunu a masallaci yana sha? Ya ce bari ya ɓoye dutsen a gida, in an kusa shan ruwa ya fita tasha ya saya. Yana zama a tabarma jiri ya kwashe shi.

Kiran magariba ne ya farkar da shi, moɗa mai sanyi a bakinsa. Ya shanye tas kafin ya buɗe ido. Da ya buɗe, sai ga ɗan hannu da jan lalle.

"Yau dai ka sha nawa, Baba," in ji Hafsat tana murmushi. Ranar ce ta fara kai azumi, ko kurɓa ba ta yi ba sai da ta ba shi.

Ya ɗauki dutsen ya ruga Lajawa ba takalmi. Ba bukka, ba boka, sai jiƙaƙƙen yashi. Washegari da hantsi Hafsat ta cika a cinyar uwarta, ruwan kogi na zuba ta hancinta. A gaban gawar Garzali ya faɗi komai da bakinsa. Sharifa ba ta ƙara magana ba har yau. Tana Dagumawa wurin danginta, rungume da moɗar nan, ba mai iya raba ta da ita.

Tifofin sun ruɓe, gidan ya zama kango. Shi kuma kullum yana bakin kogi yana roƙon mutanen ƙarƙashin ruwa su karɓi duwatsunsu su ba shi 'yarsa.

Ku ji tsoron Allah, jama'a. In boka ya ce wani ne zai biya, ku sani wanin nan yana da masu kukansa, kuma wata rana a tsakar gidanku za a yi kukan. Garzali yana da yarinyar da ke jiransa da ruwa a bakin ƙofa, bai ga ya ishe shi ba.