Yatsun Rana a Bangon Auta

Mai yankan gilashi ya dawo gida da la'asar sakaliya, ya tarar da Auta, 'yarsa, zaune tana fuskantar bango. Tun bara idanunta suke mutuwa a hankali. Fuskar uwarta ma ta daina ganewa, haske mai ƙarfi kaɗai ya rage mata. Don haka tuni ya huda bangon yamma na ɗakinta, ya dasa guntun gilashi mai tsagi goma sha biyu. In rana ta sunkuya, hasken kan ratso ya bazu siri-siri daga cibiya guda. Auta ta raɗa musu suna yatsun rana, sunan ya bi gidan. In aka ce yatsun rana sun fito, to a ɗora tukunya.

Ran nan ba ta ƙirga su ba. Tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano, wata ta biyo, alhali babu kowa a waje. Auta ta juyo, ta yi wani gurnani da ba na yarinya ba.

Kwana shida ba ci ba sha. Da hasken ya taɓa bango sai jifa, sai ihu, mutum uku ba sa iya danne ta. Uban ya rame, ya rasa inda zai sa kansa. A na bakwai ya ɗauko wani tsohon malami.

Malamin ya zauna, ya yi ta karatu har yatsun suka fito.

"Wace ce ke?"

"Na riga masu gidan zama a nan," in ji muryar wata tsohuwa daga bakin Auta. "Wannan lungun duhu ne tun fil'azal. A nan nake kwantar da jikana. Kullum yamma sai a soke shi da wuta goma sha biyu."

"Ki ji tsoron Allah, ki fita."

"A toshe, in fita. In ba haka ba, da ita zan tafi."

Uban ya durƙusa. "Baiwar Allah, shi kaɗai take gani a duniya. In rage tsagin? In mayar da shi wani bango?"

"Ko ɗaya ban yarda ba."

Malamin ya dube shi. Uban ya tashi, ya kwaɓa siminti da hannunsa yana kuka, ya shafe gilashin. Yatsun suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale.

Washegari da yamma ta sha ruwa, ta lallaba ta zauna a wurinta, ta fuskanci bango. Ta daɗe tana jira.

"Baba," ta ce da muryarta, "yau hadari ne?"

Ya dubi tsakar gida, rana tarwai.

"Hadari ne, Auta," ya ce.