Jibo a Gindin Rumbu

Atika na tankaɗe a tsakar gidansu na Maradi, sai ga kakarta Iya Tsahara daga Tsibiri, ko sallama babu.

"An yi ruwan shuka. Ina damman irin da na ba ki ranar aure?"

Atika ta sunkuyar da kai. Mijinta Jibo ya fito yana sosa ƙeya.

"Iya, lokacin kampanyi ne – 'yan parti suka zo miting, aka yi musu fura..."

"Da iri? Irin da na ɓoye shekarar yunwa, ina cin tafasa ban taɓa shi ba? Almubazzari!"

"Haba Iya, ni fa kyauta na yi."

"Kyauta! Malamin unguwarmu ya ce kalmar almubazzari ta Larabawa ce, sunan mai watsa iri inda ba ya tsira. Kai ka fi shi, a cikin 'yan tafi ka watsa naka. Atika, ɗauko mayafinki!"

"Iya, ina sonsa!" Atika ta fashe da kuka.

"So shi za ki tuƙa da rani?"

Iya ta tafi da Atika Tsibiri, ta rantse sai Jibo ya ɗanɗana kuɗarsa. Kowa ya shuka, gonarsa ta yi ciyawa. 'Yan partin da suka sha fura ko leƙe. Jibo ya tafi Jiratawa yana ƙwadago a gonakin mutane, duk Jumma'a ya zo Tsibiri ya durƙusa a zaure, Iya ta aika masa ruwa a tsohuwar ƙwarya, ta hana shi ganin matarsa. Atika ta rame, amma ba ta taɓa gardama ba, ba ta kuma nemi saki ba.

Da kaka ta yi, Jibo ya kawo hatsin guminsa. Iya ta murza zangarniya, ta tara dangi.

"Ka ɗauki matarka. Amma daga yau ita ke shiga rumbu, kai ka tsaya ƙasa da ƙwarya."

Maza suka yi salati, don mace ba ta shiga rumbun miji. Jibo ya durƙusa.

"Na yarda, Iya."

Da suka koma Maradi, Atika ta hau rumbu tana dariya da hawaye, ya riƙe mata tsani, yara na masa eho.

Haƙuri ya mai da Atika ɗakinta. Wanda kuwa ya ciyar da irinsa don a yabe shi, a ƙasa zai tsaya.