Butar Kawu Jatau

Ku matso. Ilu, ajiye wayar nan, in ba haka ba na fasa.

Kun san Kawu Jatau ba ya alwala da buta, sai da kwano. To, yau za ku ji dalili.

Yana saurayi neman abinci ya kai shi wani tsibiri a tsakiyar teku, aikin gonar koko. Ƙasar duk dutse ce. A tsakiya akwai kwari mai zurfi, rafi ya ratsa shi har bakin teku, inda yashi baƙi ne ƙirin. Can sama kuma ruwa na zubowa daga kan dutse, baƙi na zuwa kallo. Matar da ta ba shi haya ta ce, "Kada ka hau kai kaɗai." Kun san Kawu, kunnen ƙashi. Ya ɗauki butarsa ya hau.

Bayan azahar hazo ya rufe kwarin. Ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Mutumin Gumel, wanda ya saba duban rana ya gane gabas, ga la'asar ta yi, ga babu rana.

Sai ya ji, "Sannu, Jatau."

Hausa ce tsantsa, irin ta garinmu. Wani dogon tsoho ne tsaye.

"Baba, ina alƙibla?"

"Biyo ni."

Suka yi ta tafiya cikin taɓo. Kawu na nutsewa har idon sawu. Ya dubi ƙasa. Tsohon bai bar sawu ko ɗaya ba. Rugugin ruwan nan kuma, da ke toshe kunne, ya ɗauke ɗif.

Tsohon ya nuna gaba. "Nan ne. Ƙara matsawa."

Kawu ya tsaya cak. Ya yi bisimilla, ya miƙa hannu ya ajiye butar a gabansa.

Babu ƙasa a wurin. Butar ta tafi. Bai ji faɗuwarta ba.

"Ƙara matsawa," in ji muryar, yanzu a bayan wuyansa.

Da rarrafe ya ja da baya, yana Ayatul Kursiyyu, har ya dafa rafin, ya bi shi zuwa teku.

Talatu, sakar min zane. Ni ma tsoron nake ji.

Ya dawo gida, ya yi aure, ya manta. Wata asuba ya buɗe ƙofa, ga butar a dokin ƙofarsa. Cike take da ruwa mai sanyi, baƙin yashi kwance a gindinta.

Don haka in kuka ɓata a baƙon wuri, aka kira sunanku da harshen gida, kada ku amsa.