Barewar Allo da Barewar Ƙarfe

Hular kwanon ta kunna kanta da zarar ta zauna a kan Sabi'u. Wani shuɗin haske ya zagaye gilashinta, sai kwaltar da ke gabansa, mai faci-faci da tabon baƙin mai, ta koma sumul kamar yau aka shimfiɗa ta. Ƙarar injin da ke bayansa, wadda a baya take sa haƙoransa kaɗawa, ta koma wani gurnani mai daɗi can ƙasa-ƙasa. Kujerar ta kumbura ta rungume shi. Ya taka totur, motar ta zabura, amma cikinsa bai ko motsa ba.

"Yaya! Wallahi ita ce!" ya yi ihu ta cikin na'urar magana. "Ita ce sak! Kamar ina zaune a ɗakina!"

A rumfar sarrafawa da ke gefen titin, yayarsa Injiniya Hansatu ta buga tebur har kofin shayinta ya tuntsire. Ba ta ko kalli shayin ba. Idonta na kan allon da ke nuna bugun zuciyar ƙaninta, kuma bugun nan a kwance yake kamar na mai sauraron labarai bayan ya ci tuwo ya ƙoshi.

A Kano ta Sama, birnin da aka ɗora a kan ginshiƙai bisa tsohuwar Kano, an daɗe da daina tuƙi. Motocin da ke zirga-zirga su ke tuƙa kansu, mutane na ce musu kai-ni. Ka shiga, ka faɗi inda za ka, ka yi barcinka. Amma son gudu bai bar jinin mutane ba, sai ya koma cikin wani wasan tsere na allo mai suna Zarce. Kowace unguwa da gwaninta, kowane teburin mai shayi da musunsa. A duk birnin kuwa ba a yi kamar Sabi'u ba. Motarsa a wasan ita ce Barewa, ja ce mai ƙaramin ƙugu, kuma zagayen da ya yi da ita a titin Zoben Gabas ya gagari kowa. Wasan ya adana wannan zagaye a matsayin wata farar mota mai shara-shara da ake kira Inuwa. Duk mai ji da kansa sai ya bi ta, ta bar shi yana cizon yatsa.

Musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a garin shi ne: shin motar allo da motar ƙarfe abu ɗaya ne? Dattawan da suka ga ƙarshen zamanin tuƙi suna cewa wasan yara ne. Matasa suna cewa ai lissafin ɗaya ne, nauyi nauyi ne, taya taya ce. Hansatu, wadda tun tana ƙarama ba a yi mata musu ta kwana, ta ce ita za ta raba gardama. A da, masu wasa ne suke kwaikwayon motocin gaske. Ita sai ta juya abin, ta kwashi ma'aunan Barewar allo kaf, ta ƙera ta da ƙarfe da roba a garejinta. Hukumar birni ta ba ta aron tsohon titin Zoben Gabas na gaske, wanda dama daga shi aka zana na cikin wasan. Abin da take so ɗaya ne tak, ƙaninta ya zauna cikin motar da ta ƙera da hannunta ya wuce Inuwarsa a gaban jama'a.

Gwajin farko dai abin dariya ne, in ba kai abin ya faɗa wa ba. Gwanin gwanaye ya yi zagaye ɗaya kamar mai rakiyar amarya, ya tsaya, ya fito da rarrafe, ya amayar da wainar da ya ci da safe.

"Yaya, wannan ba Barewa ba ce," ya ce yana haki. "Wannan tana da wari. Tana da zafi. In na sha kwana sai in ji hanjina ya tafi wani wuri ni na tafi wani. Sitiyarin ma kokawa yake yi da ni!"

"Ka ji min rago. Kai da kake cika baki a teburin mai shayi?"

"Allah, ki shiga ki ji. A wasa in na ga bango, bango ne kawai. A nan in na ga bango sai in ga kabarina."

Hansatu ta yi ta dariya har da riƙe ciki, amma da ta koma ta duba ma'aunai sai dariyar ta tsaya. Motar ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙarfin injinta, riƙon tayarta, yadda take yanka iska, duk sun yi daidai da na allo. Bambancin yana kan kujera. A duk inda Inuwa take cusa kai cikin kwana da totur a ƙasa, ƙafar Sabi'u sai ta ɗaga da kanta tun kafin ya yi tunani. Jikinsa ne yake taka masa birki.

To, injiniya in ta ga abin da ke rage wa inji gudu, cire shi take yi. Nan ta zauna ta ƙera hular da ta sa wa suna Hular Daidaito. Aikin hular shi ne ta tace duniya kafin ta isa ga direba. Ƙananan na'urorin gani da ke jikin motar suna ɗauko hoton titi, hular ta wanke shi ta mayar da shi zanen wasa. Tana tace ƙara, tana hura iska mai sanyi marar wari. A bayan kowane kunne kuma akwai wani ɗan faifai da ke aika tattausar girgiza zuwa cikin kunne, inda jiki yake gane juyi da faɗuwa, ya lallashe shi ya yi shiru. Kujerar ta shanye sauran. Abin da ya rage wa direba shi ne ido da hannu da ƙafa, kamar dai mai wasa a ɗakinsa.

Saura abu ɗaya. A sitiyarin wasan akwai wani ɗan koren maɓalli a ƙarƙashin babban yatsan hagu, 'yan wasa na ce masa sake-lale. In mota ta ƙwace maka, ka danna shi, sai wasan ya ja ka baya kaɗan ka sake shiga kwanar. Hansatu ba ta sa shi a motar ƙarfe ba, don me za a yi da shi? Amma sai ta lura Sabi'u yana ta shafa wurin da yatsa, kuma duk lokacin da ya ji wayam sai bugun zuciyarsa ya tashi.

"Ki sa min shi mana, Yaya," ya ce. "Ko ba ya aiki. In na shafa na ji babu, sai in tuna inda nake."

Ta ga maganar ta yi ma'ana. Ta samo koren maɓalli ta manna, ba waya a bayansa, ba komai. Ranar ce suka yi gwajin da ya sa ta zubar da shayi, kuma ranar ce karon farko da Barewar ƙarfe ta shaƙi ƙeyar Inuwa.

Ranar tsere, bayan la'asar, Zoben Gabas ya cika ya batse. Jiragen kallo marasa matuƙi sun yi rumfa a sama. Masu tallar ƙanƙarar zoɓo da gurasa sun rasa inda za su taka. An kafa manyan alluna a kowace kusurwa, kuma abin da allunan ke nunawa shi ne abin da hular ke nuna wa Sabi'u, wato titi sumul, jar mota, da farar Inuwa a gefenta. Dattawan musu sun zo da kujerunsu na naɗewa, sun zauna a gaba suna taɓe baki tun kafin a fara.

"Auta, ka shirya?" Hansatu ta tambaya.

"Tun jiya. Ki ce wa dattawan nan su riƙe hulunansu."

Fitila ta koma kore. Barewa ta yi wani kuka da tsofaffin ginshiƙan birnin suka amsa, ta fice. Jama'a suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar injin gaske ba, sai ga mata na toshe kunnen 'ya'yansu suna dariya, samari na tsalle a kan benci. Mai sharhi ya kama lasifika kamar zai haɗiye ta.

"Jama'a, ga ta nan! Ga Barewa, ga Inuwa! Kafaɗa da kafaɗa! Kai, kai, kai, ku dubi yadda ya shiga kwanar nan! Ko ɗaga ƙafa bai yi ba!"

Bai ɗaga ba kuwa. A miƙaƙƙen titin da ya bi ta saman tsohuwar ganuwa, Inuwa ta ɗan ba shi rata. A kwanar da ke biye ya matse ta ciki har tayarsa ta lashi gefen titi, ya dawo daidai da ita. Wani dattijo ya manta da taɓe baki, ya miƙe yana kaɗa sandarsa yana cewa, "Taka ta, ɗan albarka! Taka ta!" Hansatu tana tsalle a rumfa kamar yarinya ranar sallah. Ta kalli allon zuciya, ta ga bugun nan lafiya lau, ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji. Ita ta yi wannan. Ita ta ɗauki tsoro ta cire shi daga jikin mutum kamar yadda ake cire ƙaya.

"Yaya, kina gani?" Sabi'u yana dariya a cikin na'ura. "Zan wuce ta a Gwiwa!"

Gwiwa ita ce kwanar ƙarshe, mai lanƙwasa kamar sunanta, daga ita sai layin gamawa. Ya shige ta da gudun da Inuwa take shiga, har ya ɗara. Hancin jar motar ya leƙa gaban farar. Filin ya kaure. A daidai nan tayoyin baya, da suka sha zafin kwalta tun farkon zagaye, suka saki titi, ƙugun motar ya fara zamewa waje.

Zamewar ba mai yawa ba ce. Direban da jikinsa ke jin mota zai ji ta a ƙugunsa tun tana ƙarama, ya sassauta totur, ya mayar da sitiyari. Sabi'u bai ji komai ba, gani kawai ya yi hoton ya karkace. Kuma a duk shekarun da ya yi yana wasa, bai taɓa ceto motar da ta zame ba, don ba a taɓa buƙatar hakan ba. Hansatu ta ga hannunsa a kyamarar cikin mota. Ƙafarsa na kan totur, sitiyari na inda yake, babban yatsansa na hagu kuma ya danna koren maɓalli cikin natsuwa. Ya sake dannawa. A wannan ƙiftawar ido ta gane abin da yake gabanta tun farko ba ta gani ba: ita kanta Inuwar ba a zama ɗaya aka tuƙa ta ba. Ɗinki ne, an yanke duk kuskuren da ke cikinta da wannan maɓalli. Ta tura ƙaninta ya kamo abin da ko shi bai taɓa yi ba.

"Birki, Sabi'u! Birki!"

Barewa ta daki bango da gefe, ta tashi sama, ta faɗo a kan rufinta, ta ja jiki tana tartsatsi har ta tsallake layin gamawa. A kan alluna, farar Inuwa ta iso bayanta, ta ratsa ta cikinta ta wuce.

Abin da Hansatu ba za ta taɓa mantawa ba shi ne, ba wanda ya yi salati. Jama'a na kallon alluna, inda hatsarin ya fito da kyau, ba jini ba hayaƙi. Wasu samari suka fara tafi suna rera, "Sake lale! Sake lale!" sauran suka ɗauka cikin raha, suna jiran motar ta koma baya ta gyara. Ita kaɗai ce ta tsallake shinge, ta yar da takalmi, tana gudu a kan kwalta mai zafi tana kiran sunansa, har motar asibiti ta zo ta wuce ta.

Sai da hantsi ya dubi ludayi washegari Sabi'u ya farfaɗo. Likita ya riga ya ja Hansatu gefe ya yi mata bayanin raunin da ya ji a ƙashin baya, ya ce a jira a gani, amma yadda ya kawar da ido ya ishe ta amsa. Na'urar hannunta kuwa tun asuba take ƙara, kamfanoni daga birane daban-daban suna neman hular, wai a sa wa matuƙa jirgi da ma'aikatan haƙar ƙasa, kowa na son ma'aikacin da ba ya jin tsoro. Ta kashe ta ta jefa a jaka. Ta zauna a ƙarshen gadon, baƙin ciki da kunya sun hana ta ɗaga kai, ta kama ƙafarsa ta dama ta riƙe.

Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon silin, sannan ya gan ta.

"Yaya." Muryar a dishe take. "Na wuce ta?"

"Ka wuce ta."

Ya yi murmushi har kumatunsa da suka kumbura suka motsa. "Na faɗa miki. Dattawan nan fa, me suka ce?"

"Ba su ce komai ba, Auta."

"Ai ba bakin magana." Ya lumshe ido cikin jin daɗi. "Kwanar nan ce kawai ban shige ta da kyau ba. Ki gyara motar, in na tashi mu sake. Wannan karon a kan tayoyinta za ta gama."

Hansatu ta matsa ƙafar da ke hannunta, ta ƙara matsawa da duk ƙarfinta har farcenta ya shiga fata, tana kallon fuskarsa. Shi kuwa ya ci gaba da ba ta labarin yadda zai shiga Gwiwa.