Kunnena Ne, Ba Turancina Ba

"Sake saka min daga farko," na ce.

Zulkarnaini ya danna laptop ɗin. Muryar Baturiyar ta sake cika falon Anti Fulera, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune wurinta a unguwar Cheetham Hill, a Ingila. Bayani take kan ajiyar fansho, yadda ma'aikaci zai riƙa ware wani abu daga albashinsa tun da ƙuruciya, kada tsufa ya same shi ba shiri.

Na ji farkon jimlar. Ƙarshenta ya narke kamar ana magana a cikin ruwa.

"To me ta ce game da ma'aurata?"

Na sunkuyar da kai.

"Farida, jiya fa kika karanta wannan a rubuce, babu kalmar da ta gagare ki."

Gaskiyarsa. Nas ce ni tun a Kumasi, amma a nan sai na ci jarrabawar Turanci kafin a bar ni in yi aikina. Reading da writing ba sa ba ni wahala. Listening ne kullum yake kayar da ni, shi ya sa har yanzu a care home nake, gidan kula da tsofaffi. Shi kuwa, saurayina, akanta ne a Birmingham, ɗan Kano. Duk Asabar yake hawo jirgin ƙasa ya zo mu yi practice, Anti na kicin ta bar ƙofa a buɗe.

"Cewa ta yi su tsara tsufansu tare," ya ce yana murmushi. "Ni na gama tsara nawa. Gida a Kano, inuwar mangwaro, ke a gefena kina min faɗa kan sukari."

Na yi dariya, hawaye na bin kumatuna. Ya tashi ya ɗauko min tishu. Da ya dawo, murmushin babu.

"Tun ɗazu nake kiran sunanki a bayanki, rabin raina... ba ki ji ba?"

GP, likitan unguwarmu, ya tura ni asibiti. Likitar ta juyo da kujerarta saitin fuskata kafin ta yi magana. Jijiyar jina ce ke mutuwa a hankali, duka kunnuwan, kuma ga alama gado ne. Sai na tuna Mama, yadda muke ɗaga mata murya muna cewa hayaniyar kasuwa ce ta lalata mata kunne.

"Sai me?" in ji Zulkarnaini. "A saka hearing aid, a ɗaura aure."

Ya nemi shawarar yayarsa Shifa, wadda likita ce. Ita kuma ta kai wa mahaifiyarsu.

Ranar da Hajiya ta kira ni gidansu a Edgbaston, can Birmingham, na tarar da wata kyakkyawa tana zuba shayi kamar 'yar gida.

"Nana A'isha ke nan, tare muke aiki," Anti Shifa ta ce, tana buɗe baki sosai kamar mai koya wa yaro magana.

Na durƙusa na gaida Hajiya.

"'Yata, ba ƙin ki nake ba," ta ce. "Da aka ce min 'yar Ghana ce, cewa na yi ai Musulma ce. Amma wannan... jikokina fa?"

"Mommy, ba lallai ba ne yara su gada," in ji Zulkarnaini.

"Ba lallai ba ne kuma su tsira," Anti Shifa ta amsa.

"A dakata tukuna," Hajiya ta rufe zancen.

Na kalle shi. Kafet yake kallo.

Ya rako ni tasha, muka tsaya jiran jirgi.

"Ki ba ni lokaci, Farida. Zan shawo kansu."

"Lokacin ne ba ni da shi, Yaya Zul. So nake in ji muryarka a ɗakina kafin ta ɓace min. In ji kukan ɗana ko sau ɗaya ne..."

"Don Allah ki daina."

"Kalle ni. Ka ce min za ka turo manya wurin waliyyina, Kawu Jibrilu."

Jirgin ya taho da ƙararsa. Ya juya fuskarsa wajen jirgin ya faɗi wani abu. Na ga haɓarsa na motsi, ban ji komai ba.

Ban ce ya maimaita ba. Ya fi kowa sanin sai ya fuskance ni nake fahimtarsa.

Asabar ta zagayo bai zo ba. Saƙonninsa suka riƙa gajarta, har suka tsaya. Na karɓo hearing aid, na'urar ƙara ji, ban sake neman ranar jarrabawa ba.

Bayan Babbar Sallah ina wanke-wanke, na cire na'urar saboda ƙarar famfo, Anti Fulera ta shigo da waya a hannu ta yi magana a bayana.

"Na'am, Anti?"

Ta dafa kafaɗata ta juyo da ni. Idanunta sun yi ja. A hankali, kalma bayan kalma, ta sake faɗa min an ɗaura auren Zulkarnaini da Nana A'isha.

Wannan karon babu abin da ya wuce ni.