Ranar da Auta Ta Ce Mama Tela Ce

Auta tana da yaya mai waƙa. In Yaya ta ɗaga murya a tsakar gida, har maƙwabta sai sun rage rediyo.

Wata rana wani mutum ya zo gidansu a mota mai baƙin gilashi. Manajan kamfanin waƙa ne. Ya zauna a falo, ya kalli keken ɗinkin Mama, ya kalli labule tsaf-tsaf, ya girgiza kai.

Ya ce, "Murya akwai. Labari ne babu. Wa zai yi wa yarinya kuka alhali tana da uwa da katifa?"

Mama ta ce, "To a yi mata yaya?"

"Za mu ce marainiya ce. A tashar mota ta girma, kan kwali take kwana. Daga yau sunanta Kanarin Tasha."

Mama ta daina taka keke. "Da raina za a binne ni?"

"Haba Mama, talla ce kawai!"

Yaya ta sunkuyar da kai. Shekara uku tana neman wannan damar. Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta ci gaba da ɗinki. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Manaja ya nuna Auta da yatsa. "Ke kuma ƙarama, ki kama bakinki."

Waƙa ta fito, ta karɓu. A makaranta kowa Kanarin Tasha, Kanarin Tasha. Bana Auta ta shiga makarantar, ba wanda ya san gidansu. Tana jin ana yabon Yaya, kanta sai ƙara girma yake. Sati guda ta daure.

Ran nan Doguwa, wadda suke benci ɗaya, ta ce, "Allah sarki Kanari, ba ta da kowa a duniya."

Bakin Auta ya suɓuce. "Yayata ce fa."

"Ke tafi can!"

Auta ta zaro hotonsu su biyu daga cikin jaka. 'Yan aji suka yi caa a kanta.

Doguwa ta ce, "Ashe ke ma marainiya ce?"

Auta ta kalli hoton. In ta ce a'a, asirin Yaya ya tonu. A hankali ta ce, "E."

Shi ke nan, aka shiga tausayinta. Aka ba ta wurin zama kusa da taga. Doguwa ta karɓe mata shara. Maganar gaskiya, abin ya yi wa Auta daɗi.

Ana haka, wata safiya ta manta littafin lissafi. An fito tara sai ga Mama a ƙofar aji, tana haki, zare maƙale a mayafinta.

"Auta, ga littafinki, sarkin mantuwa."

Doguwa ta ce, "Wace ce wannan?"

Auta ta kalli ƙasa. "Tela ce. Ta unguwarmu."

Mama ta ji. Ta miƙa littafin, ta ce, "To 'yan mata, a yi karatu da kyau." Ta juya ta tafi.

Ranar ko harafi ɗaya bai shiga kan Auta ba.

A gida Mama ta zuba mata abinci. Ba faɗa, ba tsawa. Da duka ta yi, da ya fi sauƙi. Auta ta kasa kai loma. Ta shige ɗaki ta faɗa wa Yaya komai, tana kuka.

Yaya ta saurare ta har ƙarshe. Can ta ce, "Ni na fara. Ke a gaban aji kika faɗa, ni a gaban duniya."

Ta ɗauki waya ta kira Manaja. "Gobe a hirar rediyo gaskiya zan faɗa."

"Kin haukace? Komai zai tafi!"

"Ya tafi. Uwata dai tana nan."

Suka fito tare, suka durƙusa a gaban Mama. Auta ta ce, "Mama, ki yafe mini."

Mama ta share ido da gefen mayafi. "Ni ma da laifina, da na yi shiru tun farko. Ku tashi."

Washegari a aji Auta ta ɗaga hannu. "Malama, ina da magana." Ta juya ta kalli 'yan aji. "Matar jiya mamata ce. Ni ba marainiya ba ce. Ƙarya na yi muku."

Sai Doguwa ta ce, "Lallai ma! To sharar kwana biyar tana jiranki."

Aka fashe da dariya, har Malama.

Malama ta ce, "Kun gani ko? Ƙarya ko ta talla ce, akwai wanda take yi wa ciwo. Kuma ba a jin kunyar iyaye."

Da Yaya ta yi magana a rediyo, wasu sun ji haushi, Manaja ma ya ja da baya. Amma muryar ba ta ƙarya ba ce, mutane suka ci gaba da sauraro.

A ranar da ta faɗi gaskiya, da aka tashi daga makaranta, Auta ta hango Mama a bakin ƙofa. Ta ruga ta kamo hannunta, ta jawo ta har tsakiyar 'yan aji.

"Ku zo ku gaishe ta," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Mamata ce. Mamar Kanari ce kuma!"

Tun daga ranar Auta ba ta sake ɓoye uwarta don a so ta ba.