Gayyatar Ailan

Jawazina, wato fasfona, yana hannun Yaya Abdulmajid na dama, takardar gayyatar tana na hagu. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar falonmu na unguwar Al-Sih a Madina, ko abaya ban cire ba.

"Ba inda za ki, Fauziyya. Khalas, magana ta ƙare."

"Yaya, kwana biyar ne kacal... kuma cewa aka yi ka rako ni."

Ko kallona bai yi ba. Ya cusa su a aljihun jallabiyarsa, ya ce da Larabci tun da Baba ya rasu shi ne waliyyina, kuma ba zai sa hannu ƙanwarsa ta bi namiji ƙasar Turawa ba.

Na dubi Umma. Kanta a ƙasa, tana jan carbi.

Nadiya 'yar kawuna tana gefe tana juya cokali a shayi, kamar ba ita ta haɗa wutar ba.

Shekarata ashirin da shida a lokacin, ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a unguwar Ƙiblatain. A Madina aka haife ni, mu 'yan ƙasa ne, amma kakanninmu daga Katsina suka taso da ƙafa. Namijin da Yaya yake nufi shi ne Zubair, Bakano, wanda ya yi karatu a jami'ar Musulunci ta nan, yana zuwa ɗaukar karatu wajen Baba. Ta bayan labule na fara jin muryarsa, tun ban san fuskarsa ba zuciyata ta tafi. Ya nemi aurena, Baba ya yi murna, sai dai kafin a tsayar da magana Allah Ya ɗauki Baba. Yaya ya ce Zubair baƙo ne mai iƙamar ɗalibi, wato takardar izinin zama ta wucin gadi, ba zai ba shi ni ba.

Zubair ya tafi ƙasar Ailan yin digiri na uku, amma bai janye ba. Wasiƙunsa ta hannun Umma suke isowa gare ni. A ɗaya daga cikin amsoshina na saka wani labari da na rubuta da Turanci, na yadda kakata Iyatu ta haifi Umma a hanyar Sudan, a gindin bishiya, ayari na jiranta. Ya nuna wa malaminsa. Ashe jami'ar tana shirya taro na yammaci guda, inda marubutan ƙasar da suka ci lambobin yabo, tsofaffin ɗalibanta da malamanta, za su karanta rubutunsu a gaban jama'a. Sun ware minti goma ga sabon marubuci ɗaya daga waje.

Ni suka zaɓa.

Don murna na nuna wa Nadiya takardar. Na manta ta taɓa aika wa Zubair saƙon tana sonsa, ya ce ta yi haƙuri, zuciyarsa tana wani wuri. Washegari ta shaida wa Yaya babu wani taro, shiri ne na gudu a ɗaura mana aure a can.

Ranar taron tun bayan la'asar na kulle kaina a ɗaki. Na ɗauko labarin na karanta wa bango, daga farko har ƙarshe. Ta tagar ɗakin mai ƙarafa ina hango motocin maziyarta suna wucewa, kowa yana da inda za shi, ban da ni.

Umma ta ƙwanƙwasa sau biyu, na kasa buɗewa.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Yaya ya kai ni makaranta, Yaya ya ɗauko ni. Ya karɓe makullin akwatin wasiƙa. Nadiya kuma duk zuwan da za ta yi sai ta ce ta ji Zubair ya samu Baturiya. Ban yarda ba, amma na rame, har ɗalibaina suna tambayata ko ba ni da lafiya.

Cikin azumi Zubair ya zo Umara. Bai nufo gidanmu ba. Ofishin motocin da Yaya yake aiki a Bi'ir Ali, gefen garin Madina, ya je, ya zauna a bakin ƙofa kwana uku, da azumi a bakinsa, har Yaya ya ji kunya ya karɓi kaset ɗin bidiyon da ya kawo. Ya shigo da shi gida ya jefa kan kujera, ya ce ba mai kallo.

A ranar Umma ta ɗago kanta.

"Abdulmajid, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Saka mana."

Bayan buɗa-baki ya saka. Nadiya ma tana nan. Sai ga babban zaure cike da mutane. Wani tsoho mai farin gashi ya karanta waƙa, wata mata ta karanta nata, ana tafi. A ƙarshen teburin ga kujera ba kowa, an rubuta sunana a gabanta.

Sai Zubair ya hau, da hularsa ta Kano. Ya ce marubuciyar ba ta zo ba domin gidansu ba su amince ba, kuma ita ba mai fita ba ce sai da albarkar gida. Sannan ya fara karantawa.

Umma ba ta jin Turanci, amma da sunan Iyatu ya fito daga bakinsa, ga Turawa sun yi tsit suna sauraro, sai ta rufe fuska da mayafi.

Yaya kuwa yana jin Turanci. Ya juya ya dubi Nadiya. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Sannan ya juyo gare ni. Ya tuna min Goggo Indo da ta auri baƙo, 'ya'yanta suka girma a garin nan ba takardun ƙasa, kullum cikin fargabar sabunta iƙama.

"Ba ƙinki nake ba, ya ukhti, ƙanwata... tsoro nake ji."

"Na sani, Yaya. Amma nan ɗin ma mutuwa nake yi."

Washegari ya kira Zubair gida. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai hukuma ta ba da izinin auren baƙo, shi da kansa zai nema. Ina bayan labule lokacin da Zubair ya roƙi Yaya ya bar shi ya faɗa min magana ɗaya.

"Habibti, ko shekara goma ce zan jira... ke dai ki ci abinci."

Wata goma sha biyu Yaya yana zirga-zirgar ofisoshi kafin izinin ya fito. Aka ɗaura aure cikin Shawwal ɗin shekarar dubu biyu.

Yaya ne ya tuƙa mu zuwa filin jirgin Jidda, inda za mu tashi zuwa Ailan. Na ɗauka ranar fitata dariya zan yi ta yi. Amma da garin ya fara ɓacewa a bayanmu sai kuka ya ƙwace min, irin wanda ban taɓa yi ba. Yaya ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce in na fasa yanzu zai juya, ba wanda zai ce min komai.

Zubair kuwa hannuna kawai ya riƙe.

Na waiwaya na kalli Madina har na ƙoshi, na share fuskata.

"Mu je, Yaya."